Yadda ake sauraron jinin ƙafa da Dofla kafin a taɓa gyambon mai suga

Ƙannena nas-nas da ɗaliban da kuke zuwa mana furaktikal ɗakin diresin, wannan rubutun naku ne, don wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya duk sati. Mutum zai zo da gyambo a ƙafa, shekararsa goma sha yana fama da suga, abu na farko da hannunku ke kaiwa shi ne almakashi da reza da bandeji, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa wai shin jini ma yana isa ƙafar nan kuwa? Nama baya haɗewa sai da jini. Duk tsadar maganin da zaka zuba a ciwo, in hanyar jini ta toshe toh ruwa kake zubawa a kwando, wani lokacin ma yankan da kayi da niyyar gyara shi ne zai buɗe ƙofar da ba zata rufu ba.

A irin su Ingila akwai masu karatun ƙafa zalla, fodiyatiris, su auna jinin ƙafa aikinsu ne na kullum kamar yadda muke auna hawan jini. Mu nan Zariya ba kasafai zaka gamu da irinsu ba, aikin ya faɗo kan nas da likitan suga da likitan ƙashi da duk wanda Allah ya ajiye a ɗakin diresin ranar. Tunda kanmu ya faɗo gara mu iya shi.

Na'urar kanta

Dofla ta hannu bata fi ƙaramar rediyo girma ba, tana da lasifika da wani ɗan sanda kamar biro da ake kira firob. Yadda take aiki kun san shi ko baku san sunansa ba. Ka tsaya bakin titi a Kwangila tirela ta taho tana danna hon, zaka ji ƙarar tana da tsini lokacin da take nufo ka, tana wuce ka sai ƙarar ta yi ƙasa ta yi kauri, alhali direban bai canza komai ba. Wani masani ɗan Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana wannan a 1842, shi yasa na'urar ta ci sunansa. Firob ɗin yana aika sautin da kunne baya ji cikin nama, sautin ya bugi ƙwayoyin jinin da ke gudu ya dawo a canje, na'urar ta mayar da canjin zuwa ƙarar da kake ji. Jini mai gudu da ƙarfi ƙara mai tsini, jini mai jan jiki ƙara mai sanyi.

Ka duba lambar da ke jikin firob ɗin. Na ƙafa 8 MHz ne, don jijiyoyin ƙafa basu da nisa da fata. In ƙafar ta kumbura sosai ko mutum mai jiki ne, 5 MHz ya fi shiga ciki. Dan Allah kar wanda ya je ya aro ta masu awon ciki, wadda ake jin bugun zuciyar jariri da ita, 2 ko 3 MHz ce, an yi ta ne don abu mai zurfi, na sha ganin an ɗora ta a ƙafa ba'a ji komai ba sai a rubuta babu jini a tayar wa mutane hankali a banza. Sauran kayan: na'urar awon jini ta hannu mai famfo da agogo, ba mai batir ba don waccan tana ruɗewa idan matsin ya yi ƙasa, sai jel na sikanin, auduga ko tishu, leda mai tsabta ta rufe ciwo, tef na tela, biro da takarda.

Wata magana kafin mu wuce. Mu Hausawa komai jijiya ne, mai kai jini jijiya, mai dawo da shi jijiya, mai kai saƙon zafi da sanyi jijiya, har agara ma jijiya ce. A nan in na ce jijiya ina nufin mai kawo jini daga zuciya, mai bugawa. In ɗayar nake nufi zan faɗa.

Kafin ka kunna komai

Ka fara da baki. Kar ka ce "Baba kana jin ciwon ƙafa?" don amsar eh ce kullum. Ka ce "Baba, in za ku masallaci kukan tsaya a hanya ku huta?" In ya ce sha-raɓarsa na ɗaurewa in ya yi 'yar tafiya, ya tsaya minti kaɗan ta sake shi, ya ci gaba ta sake kamawa a kusan nisa ɗaya, wannan yunwar jini ce tsokar ke yi. Wanda nasa ya yi nisa kuma da dare ne yatsun ke hana shi barci, sai ya sauko da ƙafar ƙasa daga gado sannan ya samu sauƙi, wasu ma a kujera suke kwana. Amma fa mai suga da jijiyoyinsa masu kai saƙon zafi da sanyi suka mutu zai iya ce maka ba abinda ke damunsa, ƙafar dindiris take, shi yasa rashin ciwo baya wanke kowa. Ka tambayi sigari, hawan jini, ciwon ƙoda, ko an taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya.

Sai ido. A cire takalmi da safa duka biyun, ko da ɗaya ce ke ciwo, don da lafiyayyar zaka gwada. Ka buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, nan ruwan alwala ke kwanciya fata ta jiƙe ta tsage, ka ɗaga ka leƙa dunduniya inda faso ke zama ƙofa, ka duba gefen farce don masu yankan farce na yawo sun sha jawo mana aiki da rezarsu. Fata mai sheƙi da ta yi siriri, farce mai kauri, yatsan da ya fara duhu. A fatarmu canjin launi a tafin ƙafa da ƙasan yatsu aka fi gani, in kuma Hajiya ta sha lalle toh idonka ya rage amfani sai ka dogara da hannu da kunne. Ka taɓa da bayan hannunka daga ƙwauri zuwa yatsu ka ji inda sanyi ya fara.

Yanzu a kwanta. Rigingine, a miƙe, ƙafa da zuciya a layi ɗaya, filo ɗaya ƙarami ya isa. Awon da aka yi mutum na zaune ƙafa na lilo ba awo bane, nauyin jini kaɗai zai iya ƙara wa lissafin da zamu yi a gaba kusan 0.3, mara lafiya ya koma mai lafiya a takarda. Ya huta minti 10 cur, na san layi na jira a waje amma mutumin da ya sauko daga keke yanzun nan ya tako doguwar baranda jininsa bai zauna ba. Ka tambaya ko ya sha sigari cikin awa 2 da suka wuce, ni har goro da shayi mai kauri nake tambaya, don tsofaffinmu da goro a kumatu suke shigowa. In wando ya matse, naɗe shi a cinya zai zama ɗauri, gara a ba shi zani. Lokacin hunturu kuwa, kun dai san sanyin Zariya a Disamba da Janairu, jijiyoyin ƙafa tsukewa suke, ka rufe tagar ka lulluɓe ƙafafun da bargo cikin minti goman nan. In mace ce kai namiji, ka kira sista ko 'yar rakiyarta ta tsaya.

Akwai waɗanda ba'a ɗaura wa kof, wato ƙyallen na'urar awon jini da ake naɗawa a busa masa iska. Ƙafar da ta kumbura ita kaɗai kwana biyun nan da zafi da ciwon sha-raɓa, ana zargin gudan jini a jijiya mai dawowa, kar ka matse ta, likita zaka kira. Haka wurin da aka yi aikin dashen jijiya, da hannun da aka yi wa hanyar wankin ƙoda, da hannun ɓangaren da aka cire nono. Sauraro da firob dai ba laifi, matsewar ce matsala.

Nemo jijiyar

Biyu ne manya a ƙafa. Ta farko tana bayan idon sawu na ciki, a ɗan kwarin da ke tsakanin ƙashin da agara, ita ce fosteriya tibiyal. Ta biyu a saman ƙafa, dosalis fedis. Ka ce wa mutum ya ɗaga babban yatsansa sama, zaka ga wata igiya ta miƙe a saman ƙafar, toh jijiyar na kwance gefenta ta wajen sauran yatsun, tsakanin ƙashin babban yatsa da na mai bi masa. Ka laluba da yatsunka tukuna, inda ka ji bugu nan zaka sa jel.

Jel kuma kar a yi rowa, a tara shi kamar ƙwayar gyaɗa biyu, don sautin baya ratsa iska, bakin firob ɗin ya nutse cikin jel. Riƙon biro zaka yi masa, gefen hannunka ya jingina da ƙafar don kar ya yi rawa. Ka kwantar da shi tsakanin digiri 45 da 60, bakinsa na kallon sama wajen gwiwa, wato yana fuskantar jinin da ke tahowa. Mafi yawan waɗanda ke zuwa su ce min "Yallaɓai babu komai" a tsaye cak suka kafa shi kamar an dasa turke, a haka jinin wucewa yake ta gabansa a gicciye, ba ya nufo shi ba ya gudunsa, sai na'urar ta yi shiru. Kuskure na biyu dannawa. Jijiyar da dama jininta kaɗan ne, nauyin hannunka kaɗai ya isa ya rufe ta. Taɓawa kawai.

Ka riƙa matsawa a hankali, kaɗan kaɗan, hagu da dama, har ka samu inda ƙarar ta fi fita tas. In ta saman ƙafa ta ƙi samuwa kar ka firgita, akwai mutanen da haka Allah ya halicce su babu ita ko ta bi wata hanya. Ka hau sama zuwa gaban gaɓar idon sawu ka nemi uwarta, ko ka koma wajen idon sawu na waje akwai ta uku, feroniyal, wadda sau da yawa ita ke riƙe da ƙafar mai suga bayan sauran sun toshe.

Muryar jini, nan ne aikin yake

In da zan zaɓi abu ɗaya ku tafi da shi, wannan ne. Lafiyayyar jijiya murya uku gare ta a kowane bugun zuciya. Ta farko mai ƙarfi da tsini kamar an fyaɗa dorina, wannan zuciya ce ta turo jini. Ta biyu gajeriya, jinin ne ya ɗan ja da baya saboda ƙananan hanyoyin da ke gaba sun tsuke sun tare shi. Ta uku 'yar ƙarama, bangon jijiyar ne da ya buɗe kamar roba ya koma ya sake tunkuɗa jinin gaba. Fyau-ta-ta, fyau-ta-ta. Ita ake kira tirayfazik. In ta ukun ta ɓace saura biyu, bayfazik kenan, ana yawan samunta a tsofaffi don roba ta saki, in ta farkon na da tsini ba abin tashin hankali bane amma a sa ido. Mai murya ɗaya, monofazik, ita ce abin tsoro: shuuu, shuuu, a hankali take tashi a hankali take sauka, kamar gajiyayye na jan silifas a yashi. Ma'anarta akwai toshewa a sama, jinin ta lungu ya zagayo ya iso a gajiye.

Kar ka ruɗe da jijiya mai dawowa, don kusa da juna suke kwance. Ita bata bin bugun zuciya, huuu take yi kamar iskar hunturu ta kafar taga, tana ƙaruwa tana raguwa da numfashi, in ka matsa tafin ƙafar da hannu sai ta yi fuuu lokaci ɗaya. In kana shakka ka riƙe wuyan hannun mutumin da ɗaya hannunka, ƙarar da ta yi daidai da bugun ita kake nema.

Akwai kuma wani tarko. Ƙafar da ta ɗau zafi saboda ƙwayoyin cuta sun shiga ciwon, hanyoyin jininta a buɗe suke wangame, toh jinin baya ja da baya, sai ka ji murya ɗaya mai ci gaba ba yankewa. Bambancin, wannan da ƙarfi take tashi da tsini, ƙafar kuma zafi rau, waccan ta toshewa a sanyaye take tashi. Kunne baya koyon wannan a takarda. Ku kama ƙafar junanku lokacin da ba aiki, ku saurari ƙafa lafiyayya ashirin talatin, ranar da kuka ji mara lafiya ba sai an gaya muku ba.

Awon matsi

Faɗin kof ya kai aƙalla kashi 40 cikin 100 na kewayen gaɓar, in ya yi ƙanƙanta lambar hawa take. Ka fara da hannun dama: kof a damtse, jel a lanƙwasar gwiwar hannu ta ciki, ka samo bugun da firob, ba da abin kunne ba, don ma'auni ɗaya ake so sama da ƙasa. Ka busa har ƙarar ta ɗauke, ka ƙara 20 a kai, sannan ka sassauta a hankali, 2 zuwa 3 mmHg (ma'aunin da ke jikin agogon) duk sakan. Inda ƙarar farko ta dawo nan ne lambarka. Ka sauke iskar duka ka rubuta nan take, kar ka ce zaka riƙe a ka, lamba shida ce.

Sai ƙafar dama. Kof ɗin ya zauna kamar santimita 2 sama da idon sawu, a naɗe shi a miƙe ba a karkace ba, igiyarsa na kallon sama don kar ta shiga jel. In gyambon na wurin ka rufe shi da leda mai tsabta, in kuma ciwon ba zai bari ba ka haƙura da matsin ka tsaya a murya. Ka gaya masa tun kafin ka busa, "Baba a yi haƙuri zai ɗan matse, kar a motsa." Ta bayan idon sawu tukuna, ka sauke, ka ɗan jira, sannan ta saman ƙafa. Wahalar a nan hannu ɗaya na famfo ɗaya na riƙe da firob, ƙafar kuma tana ɗan juyawa in kof ya cika, sai firob ya zame ka ɗauka jini ne ya tsaya. Shi yasa ido na kan agogo amma hannu ya kafe, in akwai abokin aiki ya busa maka ma ya fi. Daga nan ƙafar hagu duka biyun, sai hannun hagu, sai ka koma ka maimaita hannun dama, don na farkon yawanci da fargaba a ciki. In bambancin ya wuce 10 ka yar da na farkon. In hannu biyun kuma sun bambanta da 15 ko 20 duk da maimaitawa, ka rubuta wa likita, wata ƙila jijiyar da ke kai wa hannu ɗaya jini ce ta tsuke. Mai bugun zuciya mara tsari ka auna sau uku ka ɗau matsakaici.

Lissafi

Shi ake kira ABI, wato gwada matsin idon sawu da na hannu. Kowace ƙafa da nata. Ka ɗau lamba mafi girma cikin biyun ƙafar, ka raba da mafi girma cikin hannu biyun. Misali hannun dama 150, hagu 144, toh 150 za'a yi aiki da ita duka ɓangarorin. Ƙafar dama ta ba da 108 da 96, 108 raba 150 ya ba ka 0.72. Ta hagu 156 da 140, ya ba ka 1.04. Kalkuletar wayarka ta isa.

Daga 1.00 zuwa 1.40 shi ake ɗauka daidai, 0.91 zuwa 0.99 bakin iyaka, 0.90 zuwa ƙasa akwai tsukewar jijiya. Ƙasa da 0.5, ko matsin idon sawu ƙasa da 50 mmHg, ga kuma ciwo a ƙafa, wannan ba na "a dawo sati biyu" bane. Sama da 1.40 kuma ba ƙarin lafiya bane, jijiyar ce ta ƙi matsuwa, a mai suga ma tun daga 1.3 ake fara zargi. Duk da haka ka rubuta ƙaramar lambar ita ma, don in ciwon a dunduniya yake kuma ta bayan idon sawu ce mai 96 ɗin, ita ce ke ciyar da wurin.

Masu son naɗa bandeji mai matsi a ƙafar da ta kumbura da gyambon jijiya mai dawowa, ƙa'idar sai ABI na tsakanin 0.8 da 1.3. Ƙasa da 0.8 sai da izinin likita da sassauci, ƙasa da 0.5 haram. Gyambon 'yan sikila ma da ke fitowa wajen idon sawu, a saurara kafin a ɗaure.

Inda lamba ke yin ƙarya

Wannan a jikina na koye shi. Farkon fara aikina aka kawo wani dattijo daga wani ƙauye ta wajen Giwa, ya daɗe da suga, ya ƙone yatsa a kaskon wuta lokacin sanyi bai ma ji ba sai da jikarsa ta gani. Na auna na samu 1.2 da ɗoriya, na rubuta lafiya lau da babban baƙi, na kankare ciwon na sallame su. Muryar da na ji ranar shuuu shuuu ce, na ji ta sarai, amma na fifita lamba don ita ce ke shiga fayil. Da suka dawo yatsan ya yi baƙi ƙirin, ɗansa na cewa ai dama mutanen gari sun ce taka wani abu ya yi. Ni na san abinda ya taka.

Abinda ke faruwa, suga da ya daɗe da ciwon ƙoda suna sa kalshiyam ya taru a bangon jijiya ta ƙandare kamar tsohon bututun ƙarfe, kof sai ya yi da gaske kafin ya rufe ta, sai lamba ta hau alhali cikinta a tsuke yake. Wani zaka busa har 250 kana jin bugu, littafi ya ce kar a wuce 300, ni dai a 250 nake tsayawa na rubuta bata matsuwa. Mai haɗarin ma ba wannan bane, wanda ƙandarewa ta ɗaga shi tsukewa ta sauke shi suka haɗu a 1.0 ne. Saboda haka in lamba ta ce lafiya murya ta ce a'a, bi murya.

Mafita ta farko matsin yatsa, don jijiyoyin yatsu basu cika ƙandarewa ba. Akwai ɗan ƙaramin kof da ake naɗawa a gindin babban yatsa, a auna, a raba da na hannu. Ƙasa da 0.7 akwai matsala, matsin yatsa ƙasa da 30 mmHg kuma da wuya ciwo ya warke sai an buɗe hanya. Sai dai ba ko'ina ake da kof ɗin ba.

Ta biyu bata cin ko kwabo. Mutum na kwance, ka kama muryar a ƙafa, wani ya riƙa ɗaga ƙafar a miƙe a hankali kai kana biye da firob, har inda ƙarar ta ɗauke. Ka auna tsayin da tef daga daidai zuciya zuwa inda firob yake, ka ninka da 0.735. In a santimita 50 ta ɗauke, matsin kusan 37 mmHg ne kenan, komai kof ya ce. In ka ɗaga iya tsawon ƙafar murya na nan, aƙalla ba mafi munin bane. Kana cikin haka ka kalli tafin ƙafar, in ya yi fari fat a sama, da aka sauko da shi ƙasa ya rine ya yi jajir, wannan jan ba lafiya bace, yunwa ce, kuma an sha ɗaukarsa a matsayin kumburin ƙwayar cuta a yi ta dirka allurai. Wanda kuma ke kukan sha-raɓa amma ABI ya fito daidai, ka sa shi ya dafa bango ya yi ta ɗage a kan yatsun ƙafa har ciwon ya zo, ya kwanta ka sake aunawa da sauri, in ya faɗi da fiye da kashi 20 cikin 100 toh ga ta nan.

Wa za'a tura, kuma yaushe

Ƙafar da ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya, da azababben ciwo, ba bugu ba murya, ta fara mutuwa ko ta ƙi motsi, wannan awoyi ake ƙirgawa, wajen 6, a nufi babban asibiti irin Shika a ranar a lokacin, kar a tsaya neman jel. Mai ciwo a ƙafa da murya ɗaya, ko lambobin can na ƙasa, ko ciwon dare, cikin kwanakin nan. Haka gyambon da ake wa diresin yadda ya kamata sati 4 zuwa 6 bai motsa ba, ko da lambarsa ta yi kyau. Kafin su isa, yatsan da ya bushe ya yi baƙi a bar shi a bushe, ba jiƙawa a ruwan ɗumi, ba kankara, busasshen ɓawon dunduniya ma kar a ɗaye. In ruwa ya fara fita da wari da zazzaɓi kuwa ya zama na gaggawa.

A can sashen hoto babban sikanin za'a yi, dufleks, mai nuna jijiyar a allo da kala, a bi ta tun daga cinya har ƙasa ana auna gudun jini. Inda gudun ya ninka na wurin da ke sama da shi sau 2, alamar ta tsuke da rabi ko fiye ne, kamar dai yadda ruwa ke tsiri in ka danne bakin tiyo. Tamu ta hannu cewa take akwai matsala, waccan ke nuna inda take. Ka yi wa 'yan'uwan bayanin haka da Hausa, ka kuma faɗa musu turawa ba yankewa bace, don da yawa daga jin an ce Shika sai su zarce gida wajen mai magani.

A takardar turawa kar ka rubuta ABI kaɗai. Ka sa lambobi shidan, muryar kowace jijiya, firob ɗin da ka yi amfani da shi, ko ƙafar na da sanyi ko kumburi, da inda ciwon yake. Mai suga da ba'a samu komai ba ya dawo duk shekara, wanda aka samu tsukewa tare da mutuwar ji duk wata 3 zuwa 6, wanda ya taɓa gyambo ko yanka duk wata 1 zuwa 3. In an gama ka goge masa jel ɗin har tsakanin yatsu ka tsane, firob kuma a share jel a goge da abin da kamfanin ya yarda da shi, kar a tsoma shi cikin ruwa kar a naɗe wayarsa da ƙarfi don daga nan take karyewa. Batir ɗin sifeya ya zauna a aljihun jakar, don in ya yi sanyi muryar ma sanyi take yi.